Mai Jera Kujeru a Bradford

Ni ne Tanimu mai riƙe da mabuɗin zaure,
shekara tara ina buɗe shi da magariba,
in kunna abin ɗumama ɗaki, in ɗora butar shayi,
in jera kujeru saba'in da huɗu,
ɗaya ƙafarta na neman gyara.

Ran Talata dattijo Ackroyd ya miƙe tsaye,
ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.
Ya ce gwiwa ta gaji, likita ya yi magana,
shekara ashirin da biyu yana jan ragamar reshen nan,
yanzu a ba wani. Aka yi tafi.
Tafin bai gama lafawa ba
na ga idanu sun koma kan kujera.

Ba wata kujerar kirki ba ce, ni na san ta:
fatar ta yage, ni na liƙe da salatif,
in ka jingina da ƙarfi sai ta yi ƙara.

Maureen Thwaite ta ce ita ke ɗaukar jakar tsohon
tun gashinta na baƙi.
Ta san kowace ƙofa a Manningham,
gidan da ke da kare, gidan da ake ba ka biskit,
da gidan da za a karɓi takardarka da murmushi
a wuce da ita kwandon shara.

Zubair Akhtar kuwa, lauya, kwat ɗinsa ko ƙuda ba ya sauka,
ya ce zamanin ƙwanƙwasa ƙofa ya wuce,
ƙuri'a yanzu cikin waya take kwana.
Na so in ce da tsohuwar zuma ake magani,
na haɗiye. Wa ke sa mai tsintsiya a shawara?

Da, laima ɗaya su biyun ke shiga in ruwa ya sauko.
Yau zaure ya rabu kamar an tsaga goro,
'yan Maureen ta wajen taga, 'yan Zubair ta bakin ƙofa,
har sukari sai da na raba kwano biyu.
Wani ya kai wa 'yan jarida wasiƙar sirri.
Wani ya ce an cusa sunaye arba'in a dare ɗaya,
har da Mista Pickles, ga shi a rajista, ya biya kuɗinsa cif,
mutumin da muka raka makabarta bara.

Tsallaken titi, saman shagon mai gyaran takalma,
nan abokan hamayya suke, fitilarsu ba ta mutuwa.
Ina hangen inuwarsu a labule suna ninke takardu,
ko murya ba sa ɗagawa.
Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.
Mako bakwai ya rage zaɓe,
sun gyara zama, suna jira.

Daren jiya kowannensu ya tare ni shi kaɗai.
Ita ta riƙe hannuna tana tambayar jarrabawar 'yata,
shi ya ce in ya hau zai ƙara mini awa biyu.
Shekara tara ba wanda ya faɗi sunana daidai,
yau ga shi a bakinsu kamar sun kwana suna tilawarsa:
an gano ni ma ina da kati a aljihu.
Na baro Funtuwa ina cewa na huta,
ashe sanyi ne kawai aka ƙara.

Da kowa ya watse, tsohon ya dawo neman hularsa.
Ya taya ni ninke kujeru, uku ya yi ya tsaya yana haki,
ya zauna kan tasa, ta yi kukanta.
Ya ce, "Tanimu, wa za ka zaɓa?"
Na ce, "Wa zai cike ramin da ke gaban masallaci?"
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya ce shi ma da ramin nan ya fara takara.

Na kashe wuta, na kulle, ruwa na zuba.
Motar ƙarshe ta wuce ni a tasha.
Na bi titi da ƙafa, hular tsohon a hannuna,
ya sake mantawa da ita kan kujera.